Tsohuwar mitar Cateye a kan keken Phoenix: nazarin gyara ɗaya a Katsina

Wani malamin firamare da ke zaune wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina yana tara tsofaffin mitocin keke, irin ƙananan kwamfutocin nan da ake ɗaurawa a kan keke su nuna gudu da nisan tafiya. Yawancinsu a jikin kekunan gwanjo suke zuwa, waɗanda ake ce wa Beljiyam, kuma dillalai ba su ɗauke su a bakin komai ba. Sau da yawa yanke wayar ake yi a yar, don kada ta rage wa keken kyan gani. A cikin gwangwanin madara ya tara guda biyar: Cateye biyu, Sigma ɗaya, Avocet ɗaya, da wata ta ƙarfe ƙirar Lucas da ya gada tare da tsohon Raleigh na mahaifinsa. Burinsa shi ne ɗaya daga cikinsu ta yi aiki a kan Phoenix ɗin da yake hawa kullum zuwa makarantarsa a wajen Batagarawa, ya san kilomita nawa yake ci a mako.

Wadda ya zaɓa ita ce Cateye Mity 3, mai lamba CC-MT300 a bayanta, don ita kaɗai ta zo da mazauninta da wayarta da sansarta, wato abin da ke jin juyin taya. Kamfanin Cateye na birnin Osaka ne a Japan, ya fara fitar da irin waɗannan mitoci a 1981, ita kuwa wannan ta haura shekara 20. Wani yaron shagon faci ya ɗaura masa ita. Ta yi mako guda tana wasa da hankalinsa: yau ta nuna, gobe allon ya ɗauke, jibi ta ce yana gudun kilomita 36 alhali tafiyar hira yake yi. Ranar da ya kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da agogo, cewa ya yi, "Baba, ina jin ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu." Dattijon ya juya ta ya ce, "Malam, bar ta nan, ƙwaƙwalwar ita ce ta ƙarshe da za mu zarga."

Abin da bincike ya nuna ke nan. Larura huɗu ce ta taru, kowace ta ɓoye ta bayanta, kuma babu ko ɗaya a cikin ƙwaƙwalwar.

Yadda na'urar take ƙirga

Mitar keke juyin taya take ƙirgawa. Ana ɗaura ɗan maganaɗisu a sifok ɗaya na ƙafar gaba, a ɗaura sansa a jikin fok. Cikin sansar akwai siririn bututun gilashi mai harsunan ƙarfe biyu da suke dab da juna amma ba su haɗu ba. Duk sanda maganaɗisun ya gifta sai harsunan su manne, ya wuce su saki. Wannan mannewar ce ke bi ta waya mai jijiya biyu zuwa mazaunin da ke kan keke, ta ratsa ƙwayoyin ƙarfe biyu ta shiga mitar. Ita kuma ta ninka yawan juyin da wata lamba da mai keke ya ba ta, wato tsawon kewayen taya, ta ce ga nisa. Ta duba tazarar lokaci tsakanin mannewa biyu, ta ce ga gudu. A tayar Phoenix, juyi kusan 450 ne kilomita ɗaya, kuma a gudun kilomita 20 a awa harsunan nan suna mannewa sau biyu da rabi a kowace daƙiƙa.

Don haka layin zargi a bayyane yake: batir, kan mitar, ƙwayoyin mazauni, waya, sansa, maganaɗisu, sai lambar. Ana bin su ɗaya bayan ɗaya, kada a gyara biyu lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi magani ba.

Batir

Da aka kwance murfin baya da kwabo, sai ga CR2025 an cusa masa ninkakkiyar takardar azurfa ta kwalin shayi. Mitar CR2032 take ci. Lambobin nan awo ne: 20 na farko faɗin batirin ne a milimita, 32 kuma kaurinsa, milimita 3.2. CR2025 kaurinsa 2.5, wato akwai giɓin milimita 0.7 da takardar ke ƙoƙarin cikewa. Ƙarfinsu ɗaya, bolt 3, shi ya sa allon yake kamawa. Amma da keke ya faɗa rami ko ya hau kwalta mai tsakuwa, sai batirin ya motsa, wuta ta yanke na ƙiftawar ido, mitar ta koma sifiri ko ta daskare. Wannan shi ne ɗaukewar allon da malamin yake gani.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan muni, kuma ana yin ta: a ɗora CR2016 biyu, ɗaya kan ɗaya. Kaurinsu a haɗe 3.2 ne cif, sun zauna daram, amma bolt 6 suke bayarwa, ninkin abin da aka yi na'urar ta ɗauka. Kada a gwada.

An samo CR2032 a wurin masu gyaran kwamfuta, don irinsa ne ke cikin allon uwar kwamfutar tebur da makullin mota mai rimot. Sabo yana nuna bolt 3.2 zuwa 3.3 a mitar awon wuta. Sai dai wannan awon bai isa ba, domin batirin da ya daɗe a rana a faifan mai talla yana iya nuna 3.1 amma ya durƙushe da zarar an ja wuta. Gwajin da ya fi shi ne a gicciya resisto mai om 1,000 tsakanin fuskokinsa biyu ana awon. Mai lafiya yana tsayawa kusa da 3, wanda ya gangara ƙasa da 2.7 a ajiye shi. An goge harshen ƙarfen cikin gidan batir da auduga da sifirit, aka ɗan ɗaga shi da tsinken allura don ya matsa sosai, aka duba zoben robar murfin bai tsage ba. Bayan an sa batir, fuskar mai alamar tarawa tana kallon waje, aka yi share-duka, wato goge duk abin da ke ƙwaƙwalwar mitar. A Cateye na wancan zamani ko dai akwai ɗan maɓalli mai suna AC a baya, ko a danne maɓallan duka tare. Ba a tsallake wannan matakin, don mitar da ta sha yankewar wuta takan tashi da shirme a ƙwaƙwalwa. Allon ya haska duk sassan lambobinsa, babu wanda ya ɓace. Aka zaɓi kilomita. Wanda ya yi kuskure ya zaɓi mil a nan zai yi kilomita 10 ta nuna masa 6.2, ya ɗauka lalacewa ce.

Gwajin kan mitar ba ya ɗaukar minti guda. A juya ta, a ɗauki ƙarfen filaya ko makulli a riƙa haɗa ƙwayoyin nan biyu na bayanta ana ɗagawa, kamar sau biyu a daƙiƙa. Idan lambar gudu ta tashi, ƙwaƙwalwa lafiya lau. Ta tashi. Daga nan zargi ya koma kan keken.

Wayar da ta karye a ciki

An sa mitar awon wuta a wurin da take yin ƙara idan layi ya haɗu, aka ɗora bakinta biyu a ƙwayoyin mazaunin, aka ɗaga ƙafar gaba ana juyawa a hankali. Ƙa'ida ita ce ƙara ɗaya a kowane juyi. Abin da aka ji ya bambanta da wannan ta hanya biyu. Idan kan keken yana miƙe, ƙara biyu ake ji a juyi ɗaya. Idan aka karya kan zuwa hagu, shiru. Alamu biyu, larura biyu.

Shirun aka fara bi. Robar wayar ba ta nuna komai daga waje, sumul take. Aka ajiye maganaɗisun a gaban sansa don ƙarar ta ci gaba, aka riƙa murza wayar da yatsa daga ƙasa zuwa sama. A daidai inda fok ya shiga wuyan firam ƙarar ta fara yankewa. Jijiyar tagulla ta tsinke a ciki, bakin biyu suna taɓa juna idan wayar ta yi sako-sako, su rabu idan aka ja ta.

Dalilin tsinkewar ya cancanci a tsaya a kansa, don kusan duk wanda ya ɗora irin wannan mita a keke mai birkin ƙarfe yana faɗawa ciki. A keken tsere ko na hawan dutse, ana nannaɗe wayar mitar a jikin kebul ɗin birkin gaba har zuwa sama. Phoenix da Raleigh da Hero irin namu ba su da kebul, sandar ƙarfe ce ke jan birki, kuma sandar hawa da sauka take yi, ba a ɗaura mata komai. Da yaron ya rasa wurin kamawa sai ya ɗaure wayar da salatif a wuyan firam. To fok da kan keke tare suke juyawa, firam kuwa tsaye yake. Wayar da ta tashi daga fok, aka kafe ta a firam, sannan ta koma kan keke, dole ta sha ja da lanƙwasa a wuri biyu duk sanda aka yi kwana. Ga kuma ƙarancin tsawo: wayar da Cateye ke sa wa ƙafar gaba kusan santimita 70 ce, an auna ta ne da keke mai gajeren wuya. Keke mai taya 28 da dogon wuya yana cinye wannan tsawon kaf, ba ya barin rara.

Aka yanke santimita 8 da ke kewaye da karayar, aka ƙara santimita 25 na siririyar waya mai jijiya biyu daga tsohuwar cajar wayar hannu. Wayar abin saurare na kunne tana da laushi da jan hankali, amma jijiyoyinta an shafe su da wani fenti mai hana wuta wucewa, dalma ba ta kama su sai an ƙone shi, kuma haɗinta ba ya daɗewa. Babu zancen wace jijiya ce ta tarawa wace ce ta ɗebewa, tunda sansar makunni ce kawai, kowace ta haɗu da kowace. Abin kiyayewa shi ne kada haɗin biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa: a yanke jijiya ɗaya ta fi ɗaya tsawo da santimita 2, don ko rufin ya goge kada su taɓa juna. An like su da dalma, aka rufe kowane da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, aka sake rufe duka da babba. Salatif kaɗai ba ya jure bazarar Katsina, gam ɗinsa narkewa yake yi ya zame.

Sabuwar hanyar wayar ta bi bayan ƙafar fok, an kama ta wuri uku da igiyar roba mai haƙora, ta haura ta gaban wuyan firam ba tare da an ɗaure ta a jikinsa ba, aka kama ta a ƙarfen rataya fitila, wanda yake juyawa tare da fok, sannan a wuyan kan keke. An bar mata ɗan lanƙwasa don kada ta yi tsamari, aka tabbatar sandar birki ba ta goga ta idan an matse. Mazaunin kuwa sai da aka naɗa masa yankin tsohon tif sau biyu kafin ya kama kan keken, wanda kaurinsa milimita 22.2 ne, a ɗan filin da hannun birki ya bari.

Ƙara biyu a juyi ɗaya

Maganaɗisun asali ya ɓace tun a gwanjo. Yaron ya fasa maganaɗisun tsohuwar sifika ya ɗaure ɓallin da wayar ƙarfe a sifok. Ya kuma ɗaura sansar can sama kusa da rim, inda tazara tsakanin fok da sifok ta kai milimita 25, alhali abin da ake so bai wuce 5 ba. Don ya cike tazarar sai ya karkatar da sansar, ta kwanta kusan a kan hanyar da maganaɗisun ke bi.

Harsunan cikin gilashin ba ko'ina suke amsa maganaɗisu daidai ba. Idan maganaɗisu ya fuskance su da kai ɗaya, suna mannewa yayin da yake daidai da rabin sama ko rabin ƙasa na gilashin, amma a tsakiya cif sai su saki. Shi ya sa ake zana ɗan layi a jikin sansa, wurin da ake so cibiyar maganaɗisu ta ratsa. Idan sansa tana tsaye tare da fok, maganaɗisu yana yanke ta a gicciye sau ɗaya. Idan ta kwanta, zai bi tsawonta: ya rufe a farko, ya saki a tsakiya, ya sake rufewa a ƙarshe. Ƙirga biyu ke nan. Ɓallin sifika ya ƙara dagula lamarin, domin ƙarfinsa ya yi yawa kuma a hargitse yake, ga shi ya tattaro ɓurɓushin ƙarfe daga ƙasan shagon ya yi gemu. Ba kullum mitar ke ɗaukar ƙirga ta biyun ba, shi ya sa gudun yake tsalle daga 18 zuwa 36 ya dawo, kuma gudun ƙoli da take ajiyewa a ƙarƙashin Mx ya nuna 71.

Gyaran bai buƙaci sayen komai ba. Sifok suna buɗewa ne yayin da suke gangarowa zuwa hob, don haka tazarar tana raguwa a ƙasa. An sauke sansar zuwa kusan santimita 10 daga tsakiyar hob, ta tsaya a miƙe tare da fok, aka sa mata yanki uku na tif a ƙarƙashi har tazara ta dawo milimita 3. Saukarwar tana da riba ta biyu: kusa da hob maganaɗisu ya fi tafiya a hankali, harsunan suna samun isasshen lokacin mannewa ko a gangare. Wannan ma na cikin abin da ya sa aka ƙara tsawon waya. Maganaɗisun ɗaya Cateye ɗin da ke cikin gwangwani aka aro. Sifok ɗin Phoenix ya fi na keken tsere kauri, sai da aka ɗan buɗe tsagar da ƙaramin zarto kafin ya shiga, aka matse sukurun, aka ɗiga masa gam kaɗan don girgiza. Da aka juya ƙafar: ƙara ɗaya, juyi ɗaya, kan keke a miƙe ko a karye.

Lambar kewayen taya

A nan ne mafi yawan masu ɗaura mita suke tsayawa, tunda gudu yana nunawa daidai da hankali kuma ba ya tsalle. Malamin ma ya so tafiya da ita haka. Amma da aka gwada a miƙaƙƙen titi da manhajar auna tafiya ta wayar hannu, wayar ta ce kilomita 10.00, mitar ta ce 9.46.

Bayan share-duka, lambar da mitar ta koma kanta ita ce 210, wato santimita 210, kewayen siririyar tayar tsere ta 700 x 23C, wadda jadawalin Cateye ya ba milimita 2,096. Tayar Phoenix ta fi ta girma. Duk juyi ɗaya keken yana cin ƙasa fiye da abin da mitar ke rubutawa, kuma kuskuren taruwa yake yi. A tafiyar Katsina zuwa Daura, kusan kilomita 80, za ta ce 75 da 'yan kai.

Abin da mutum zai fara yi shi ne duba jadawali, kuma a nan akwai tarko. Tayoyi iri biyu ne ke amsa sunan inci 28. Akwai na kekunan Jamus da Holan da ke zuwa a gwanjo, wanda rim ɗinsa milimita 622 ne, shi ne kuma 700C. Akwai namu na 28 x 1½, wanda rim ɗinsa milimita 635 ne. Ba sa shiga rim ɗin juna, kewayensu ma ba ɗaya ba. Abin dogaro shi ne lambar da ke gefen tayar, a nan 40-635: faɗin taya 40, rim 635. Da wannan ana iya yin lissafi: 635 a tara da 40 sau biyu ya ba da 715, a ninka da 3.1416 ya ba da milimita 2,246. To amma lissafin ya ɗauka tayar da'ira ce cikakkiya mai tsayin milimita 40 daidai, ba ya sanin ta sha tafiya ta goge, ba ya sanin nauyin mai hawa yana danne ta.

Saboda haka aka auna a ƙasa. An yi shi a barandar siminti mai santsi, da tef ɗin magina na ƙarfe mai mita 10. Tef ɗin tela bai dace ba, gajere ne kuma yana miƙewa. Aka ba tayar iska daidai yadda malamin ya saba hawa, aka juyo bawul ƙasa cif, aka ja layi da alli. Ya hau sirdi da jakar littattafansa, mutum biyu suna riƙe da shi suna turawa a kan igiyar da aka miƙe a ƙasa don kada ya karkace. Da bawul ya dawo ƙasa karo na uku aka sake jan layi. Ana yin juyi uku ne don kuskuren alli, wanda kan kai milimita 5 ko fiye, ya rabu gida uku. An maimaita sau uku, aka samu milimita 6,655 da 6,662 da 6,663. Matsakaicinsu 6,660, a raba da uku, 2,220. Lambar da za a shigar ita ce 222.

An yi ƙarin awo biyu don a ga girman abin da ake magana a kai. Ba kowa a kan sirdi, juyi uku ya ba da 6,705, wato 2,235 a juyi. Da aka rage iska har tayar ta yi laushin da mutane da yawa ke yawo da shi ba su damu ba, ya ba da 6,600, wato 2,200. Tsakanin tayar da ta sha iska da mai laushi akwai kusan kashi 1 cikin 100. Wannan ya fi tazarar da mitar kanta ke iya bambancewa, domin Mity 3 santimita take karɓa, kuma mataki ɗaya, daga 222 zuwa 223, bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. A ganinmu wannan ya isa ga duk mai zuwa aiki ko gona, kuma babu dalilin raina ta don wasu mitocin suna karɓar milimita. Wanda bai duba iskar tayarsa ba ya riga ya zubar da wannan bambancin.

Mitar tana da gurbin taya biyu, A da B. An sa 222 a duka biyun, don idan yatsa ya sauya gurbi bisa kuskure kada lissafi ya canja. Aka koma titin nan. Wayar hannu ta ce 10.00, mitar ta ce 10.04. An bar ta haka. Ƙafar gaba ba ta tafiya a miƙe kamar zare, tana ɗan kaɗawa hagu da dama, ita kuwa wayar hannu ɗigo-ɗigo take haɗawa tana yanke ƙananan kwanoni, don haka mita 40 a kilomita 10 ba hujja ba ce a kan mitar. Zuwa makaranta da dawowa ya tsaya a kilomita 17.8, kwana biyar 89. Da lambar 210 da 16.8 zai riƙa rubutawa.

Wasu abubuwa biyu na maɓalli sun taso a makon farko. Nisan tafiya na Dst ya ƙi motsi alhali jimillar Odo tana ƙaruwa: alamar AT ce ta ɓace daga allo, wato mitar ta koma jiran a danna mata farawa da hannu. Aka mayar. Daga baya matsakaicin gudu na Av ya nuna harafin E. Cateye tana yin haka idan lokacin tafiya ya haura kusan awa 27 ba a share ba, ko nisa ya kai kilomita 1,000. Sharewar Dst kowace Asabar ta kawar da shi, kuma ba ta taɓa Odo. Ita Odo a rubuta ta a littafi kafin sauya batir, don wasu samfura suna bari a sake shigar da ita, wasu kuwa daga sifiri suke farawa.

Rana da ƙura

A watan Afrilu malamin ya dawo da ita allon ya yi baƙi ƙirin. Ya jingine keken ne a filin makaranta daga safe har azahar. Cateye ta ƙayyade wa mitocinta zafin aiki daga digiri 0 zuwa 40, inuwar Katsina a bazara kuwa tana kai wa 40 ɗin, balle baƙar roba da ke kallon rana. Ruwan da ke cikin allon yana rasa tsarinsa idan ya yi zafi, ya dawo idan ya huce. An ajiye ta a inuwa, kafin rubu'in awa lambobi suka fito. Kada a sa ta a firiji ko a yayyafa mata ruwa, raɓa za ta taru a ciki. Idan abin ya yawaita, siririyar ledar da ke saman gilashin tana ƙonewa ta bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Maganin shi ne a zare kan mitar a sa a aljihu duk sanda aka ajiye keke, wanda kuma ya raba ta da hannun yara.

Zarewar tana barin ƙwayoyin mazauni a buɗe, hazon hunturu kuwa yana kwanciya a kansu ya hana haɗuwa. A goge da tsumma, idan sun dushe a murza da robar goge fensir. Kada a sa samfefa, tana cire rufin da ke hana tsatsa. Da damina ruwa yana iya haɗa ƙwayoyin biyu gudu ya faɗi sifiri. Ɗan man silikon, ko basilin kaɗan ƙwarai idan babu, yana kore shi, amma a share shi da zarar iskar hunturu ta juyo don kada ya zama tarkon ƙura.

Sauran na cikin gwangwani

Cateye ta biyun ta kama, amma wasu sassan lambobinta sun ɓace, alamar siririyar robar da ke haɗa gilashi da allon lantarki ta bushe ko ta yi datti. Ana iya goge ta da sifirit, sai dai buɗe tsohuwar roba yakan fasa ta, don haka aka bar ta a matsayin ma'ajiyar kayan gyara. Sigma ta Jamus ta ci gwajin makulli, amma ba ta da mazauni, kuma na Cateye ba ya karɓar ta. Wannan darasi ne ga mai saye a gwanjo: kan mita ba tare da mazauninsa ba rabin kaya ne, a nemi dillali ya kwance duka kafin ya sa almakashi. Mita mara waya kuwa, ta zamanin farko, fitilar LED mai ƙyaftawa tana iya rikita saƙonta, ga batir biyu da take ci.

Avocet ta Amurka, irin wadda zakaran tseren keke Greg LeMond ya yi tsere da ita, tsarinta daban ne. Ba ta da harsunan gilashi. Zobe ne mai maganaɗisu da yawa ake maƙalawa a gefen hob, sansarta kuma naɗin waya ce da ke haifar da 'yar wuta idan zoben ya juya. Gwajin ƙara ɗaya a juyi ɗaya ba ya aiki a kanta, kuma idan zoben ya ɓace, kamar yadda ya ɓace a nan, maganaɗisu ɗaya a sifok ba zai maye gurbinsa ba.

Lucas ɗin, ƙirar Birmingham ta Ingila, jikar irin wadda Curtis Veeder ya fara ƙerawa a Amurka a 1895 ce. Ba batir, ba waya. Ana ɗaura ta a bakin aksul na gaba, a sa ɗan ƙarfe a sifok yana bugun wani ƙaramin tauraro mai haƙora sau ɗaya a kowane juyi. Mil take ƙirgawa, kuma an yanka haƙoranta don girman taya ɗaya tak, wanda aka buga a jikinta. Ta malamin 28 ce. An wanke ta da kananzir, aka ɗiga mata man keken ɗinki, aka ɗaura ta a ɓangaren da babu sansa, aka daidaita ƙarfen ya riƙa tura haƙori ɗaya kawai, don idan ya shiga da zurfi yana iya tura biyu a gangare. A zuwa da dawowar makaranta ta nuna mil 11.1. A ninka da 1.609 ya ba da kilomita 17.86, Cateye kuwa ta ce 17.8.